Yawo Cikin Kwalekwale

Gulbin da ya ratsa ta Gusau ana kiransa Gulbin Sakkwato. Daga wajen Funtuwa ya taso, ya biyo ta Gusau da Bunguɗu, ya zarce Bakolori kusa da Talata Mafara, inda aka gama gina masa babbar madatsa cikin 1978. Daga nan ya nufi Sakkwato ya haɗu da Rima, sa'an nan ya karkata kudu ta Argungu da Birnin Kebbi, har ya faɗa cikin Kwara.

A ƙasar Gusau gulbin nan hali biyu gare shi. Da rani ya kan janye, sai rairayi da 'yan gurabe, masu lambu su dasa albasa da tumatir a bakinsa, yaro ya ƙetare da ƙafa ko wandonsa bai jiƙe ba. Amma in watan Agusta ya tsaya, sai ya cika ya batse, ruwa ja wur, yana jan itatuwa kamar tsinke. Lokacin nan wanda gonarsa ke ƙetare, in ba gada kusa, ba shi da dabara sai ya nemi mai fito. Yaran Tsafe, da garinsu ke tsakanin duwatsu, watakila waɗansunsu ba su taɓa shiga kwalekwale ba.

Kwalekwale irin na da daga itace guda a ke sassaƙa shi. A kan sari babban maɗaci, a rarake cikinsa da gizago, a fiƙe goshinsa don ya riƙa keta ruwa. In ruwa ba zurfi sai a tura shi da gwangwala, in da zurfi kuwa sai a tuƙa da filafili. Sana'ar nan ta daɗe ƙwarai. Cikin 1987 wani Bafillace yana haƙa rijiya a Dufuna, ƙasar Yobe, sai ya ci karo da wani baƙin itace. Da masana suka tono shi, ashe kwalekwale ne, tsawonsa ƙafa 27 da 'yan kai. Suka auna, suka ga ya yi shekara wajen 8,000. Duk Afirka ba a sami wanda ya girme shi ba tukuna.

To, mu nan larura ke sa mutum shiga jirgi. Amma akwai ƙasashen da mutane ke biyan kuɗi don su tuƙa da kansu, ba kasuwa za su ba, ba gona ba, hutu kurum su ke yi. Wurin da ya yi suna wajen wannan shi ne Kerala, can kudu maso yammacin Indiya, a bakin teku. Koguna masu yawa su kan gangaro daga duwatsu, amma kafin su shiga teku sai tudun rairayi ya tare su, ruwan ya bazu ya zama tafkuna da 'yan hanyoyi masu sarƙe da juna, fiye da mil 500 in an haɗa su. Mafi girman tafkin sunansa Bembanad. Ruwan kwance ya ke, ba ya gudu, ba ya kuwa ƙafewa rani da damina.

Mutanen wurin sun maida ruwa hanya. A gefensa gidajensu su ke, cikin inuwar kwakwa, mai sayar da kifi ya kan zo har ƙofar gida cikin jirgi. A wani yanki da a ke kira Kuttanad, fadamun shinkafa sun fi ruwan ƙasa, sai an yi musu ganuwa an riƙa kwashe ruwa kafin a yi shuka. Manyan jiragen da su ke dakon shinkafa a da, ba ƙusa ko ɗaya a jikinsu, da igiyar ɓawon kwakwa a ke ɗinke allunan. Da motoci suka karɓe dako, sai aka maida jiragen nan ɗakunan kwana na baƙi.

Sai dai babban jirgi ba ya shiga lungu. Wanda ke so ya ga ƙauye sosai, ƙaramin jirgi ya ke shiga da a ke kira kayak. Asalinsa na mutanen Inuwit ne, masu zama can ƙuryar arewacin duniya inda ruwa ke daskarewa. Su kan haɗa ƙirarsa da itace ko ƙashi, su rufe da fatar dabbar ruwa, su tafi farauta. Na yanzu da roba a ke yi, ba nauyi, mutum biyu sa ɗauke shi. Filafilinsa baki biyu gare shi, a tsoma dama a tsoma hagu. Baƙi su kan fita da sassafe, jagora na gaba, kowa sanye da rigar da ke hana nutsewa. Da ya ke ba inji, ko tsuntsu ba ya tashi don su.

Ko ana iya irin wannan yawo daga Gusau zuwa Bunguɗu? Da wuya. Sa'ad da ruwan ya ke da lafiya bai isa ɗaukar jirgi ba, sa'ad da ya isa kuwa ya yi ƙarfi, baƙo ba ya iya masa. Sai can ƙasa wajen Argungu, inda gulbin ya yi faɗi ya natsu, a ke wasa da shi. Tun 1934 a ke bikin kamun kifi a can, har da tseren kwalekwale, mutane na zuwa kallo daga nesa.

Ko ga gwani, abin da ya fi kifar da jirgi shi ne kaya. Kowane kwalekwale da iyakar abin da zai ɗauka. In an ƙara, sai ya nutsa har bakinsa ya kusa daidai da ruwa, mutum guda ya miƙe tsaye, ko igiyar ruwa ta bugo, shi ke nan ruwa ya shiga. Cikin watan Satumba na 2024 wani jirgi ya kife kusa da Gummi, a nan Jihar Zamfara. Manoma ne maƙare a ciki, za su ƙetare zuwa gonakinsu da safe, da yawa daga cikinsu ba su fito ba.