Maganin Ciwo Da Ke Cikin Jikinmu

Jama'a, ko kun taɓa ganin ɗan dako ya yanke a ƙafa, amma bai ji zafi ba sai da ya sauke kaya? Wani zai ce tauri ne. Alhali jikin ɗan Adam na da nasa maganin ciwo, wanda masana ke kira beta-endofin.

A shekarar 1976 ne Choh Hao Li, na Jami'ar Kalifoniya a Amurka, ya tace shi daga wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar raƙumi. Mutum ma yana da irinsa. Ƙirarsa kamar carbi ce mai ƙwaya 31, kowace ƙwaya sinadari ce da ake kira amino asid. Biyar ɗin farko su ne bakin makullin.

Idan mutum ya ji rauni ko ya jigata, sai jiki ya sako shi, ya shige wasu gurabu a jijiyoyin da ke kai saƙon zafi ƙwaƙwalwa, saƙon ya raunana. Daga baya jiki ya narkar da abinsa.

To, a nan gizo ke saƙa, domin waɗannan gurabun ne tramol ke shiga. Matashin da ke haɗiyarta kullum don ya jure aiki, sannu a hankali gurabunsa sai su dushe. Ƙwaya ɗaya ta daina isarsa. Ranar da ya rasa kuwa, ga ciwon gaɓoɓi, ga zufa, ga rashin barci. In ya zarce kima, tana iya jawo farfaɗiya ko ta tsayar da numfashi. Wanda ya riga ya kamu, likita ne ke rage masa ita kaɗan-kaɗan.