Masu gini a Badagishiri: a yi wa ruwan sama hanya tun kafin ya sauko

Jama'a, duk wanda ya bi hanyar Tsarnawa zuwa Tawa ya ga yadda gine-gine ke ƙaruwa a Badagishiri: shaguna, gidajen siminti, makarantu. Abin murna ne. Amma akwai wata magana da muke son mu yi da magina da masu filaye tun damina ba ta kankama ba.

Garinmu a kwari yake, tuddan Adar sun kewaye shi. Bisa tudu dutse ne da fako, ƙasa ba ta shan ruwa sosai, sai ya gangaro da ƙarfi ya faɗa ƙoramu. To, wurin gini fa? An sare itace, an kankare ciyawa, an tona ƙasa an tara. Da an yi ruwa ɗaya, sai ya kwashi yashi da laka ya kai cikin magudanar ruwa ya toshe ta, ko ya binne garka a fadama. Inda ya samu sassauci kuma ya fara cin ƙasa, bana ɗan rami, baɗi kwazazzabo har gindin katangar maƙwabci.

Ba ƙasa kaɗai yake ɗauka ba. Ruwan wankin siminti yana ƙona shuka, yana kuma ɓata ruwan tabki. Baƙin mai na motoci da injuna, in an zubar ƙasa, ƙarshensa inda dabbobinmu ke shan ruwa.

Me za a yi? Dabarun ba baƙi ba ne gare mu. Tun 1984 aikin Keita ya nuna yadda jeren duwatsu da shingen waya cike da dutse ke rage gudun ruwa. Abin da ya yi aiki a gona zai yi a wurin gini:

Na farko, kada a share fili gaba ɗaya. A kankare inda za a gina kawai, a bar itace da ciyawar gefe.

Na biyu, a tara yashi da tsakuwa nesa da hanyar ruwa, a kewaye su da duwatsu ko buhunan ƙasa.

Na uku, a gefen gangare a jera duwatsu a gicciye, a tona ɗan rami inda laka za ta kwanta kafin ruwa ya fita.

Na huɗu, a ware rami guda na wankin shebur da baro. In ya bushe a kwashe. Baƙin mai kuma a zuba a jarka.

Na biyar, ramin da aka ɗebi ƙasa a cike shi ko a yi masa shinge, saboda yara da sauro.

Manyan ayyuka kamar hanya da masana'anta, dokar ƙasa ta 14 ga Mayu 2018 ta tilasta a binciki illarsu ga muhalli kafin a fara. Ƙaramin gini kuwa, amana ce tsakanin mai gida da maginin da ya ɗauka.

Mun ga ambaliyar 2024, wadda ta ci rayuka sama da 300 a Nijar. Don haka kafin ka aza tubali, tambayi dattawan unguwa inda ruwa ya saba bi, ka leƙa ma'aikatar magajin gari. Ruwa ba ya manta hanyarsa. In ka tare ta, gidan wani zai faɗa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.