Alkawari Kafin Doka: Matsayin Bangaskiya da Shari'a a Koyarwar Kirista

A unguwannin Kano irin su Babban Giji, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, inda Musulmi suka fi yawa amma ba a rasa maƙwabci Kirista a gidan haya ko a wurin aiki, akan ji ana cewa Kirista ba su da shari'a. Abin da mai faɗin haka yake gani a fili ne: babu alwala, babu lokutan salla biyar, babu jerin naman da aka haramta, babu littafin fiƙihu da ya raba gado daki-daki. Abin da ya gani gaskiya ne, amma hukuncin da ya yanke bai cika ba. Kiristanci bai ce doka banza ce ba. Abin da ya ce shi ne alkawarin Allah ya riga doka zuwa, bangaskiya ce hannun da ake karɓar alkawarin da shi, aiki kuma yana biyo baya. Wani sashe na gardamar da Kirista suka sha da Yahudawa, da kuma tsakanin junansu, a kan wannan jeri yake.

Hujjar ta faro ne daga Ibrahim. A Littafin Farawa, Allah ya yi masa alkawarin zuriya da ƙasa, da cewa ta wurinsa albarka za ta kai ga dukan kabilun duniya, alhali ya tsufa, matarsa Saratu ba ta haihuwa. Sura ta 15 ta ce Ibrahim ya gaskata, aka lasafta masa wannan a matsayin adalci. Yadda aka ƙulla alkawarin ma abin lura ne. An yanka karsana da akuya da rago, aka tsaga kowanne biyu, aka jera tsagin suna fuskantar juna. A al'adar zamanin, mai ɗaukar alkawari yakan ratsa tsakanin tsagin, alamar cewa in ya saɓa, haka za a yi da shi. A wannan labari barci mai nauyi ya kwashe Ibrahim, wuta da hayaƙi ne kaɗai suka ratsa, wato Allah ne ya ɗora wa kansa nauyin. Kaciya ba ta zo ba sai a sura ta 17, lokacin Ibrahim yana da shekara 99, Isma'ila yana da 13. Tun da an lasafta masa adalci kafin a haifi Isma'ila, tazarar ta haura shekara 13. Manzo Bulus ya kama wannan a wasiƙarsa ga Romawa: kaciya hatimi ce a kan abin da aka riga aka ba shi. A wasiƙarsa ga Galatiyawa kuma ya ƙirga shekara 430 tsakanin alkawarin da saukar Shari'ar Musa, ya ce abin da ya zo daga baya ba ya soke wanda aka riga aka tabbatar. Duk wanda ya taɓa zama a kotunan Gyaɗi-Gyaɗi ya ji shari'ar fili ya san wannan hankali: in uba ya yi wa ɗansa kyautar fuloti a gaban mai unguwa da shaidu, aka sa hannu, dokokin da ya kafa wa gidan bayan shekaru ba za su mai da kyautar ta koma ciniki ba.

To in haka ne, mene ne amfanin Shari'ar? Bulus da kansa ya yi tambayar. Amsarsa ita ce doka tana nuna wa mutum laifinsa amma ba ta da ikon warkar da shi, kuma an ɗora ta ne ta riƙe jama'ar Isra'ila har Almasihu ya zo. Wannan ba maganar makaranta ba ce a lokacin, rigima ce ta kwanon abinci. A Antakiya, Manzo Bitrus ya daina cin abinci da masu bi waɗanda ba Yahudawa ba, Bulus ya tsawata masa a gaban jama'a. Wajen shekara ta 49 ko 50 manzanni suka zauna a Urushalima, suka yanke cewa ba za a tilasta wa sauran al'ummai kaciya ba, sai dai su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da dabbar da aka maƙure, da fasikanci. (Musulmin da ya karanta wannan jeri zai ga bai yi masa baƙo ba.) Ikkilisiya kuma ba ta yarda a jefar da Attaura ba. Da wani mai suna Markiyon ya koyar da cewa Allahn Tsohon Alkawari daban yake da Uban Yesu, an kore shi daga ikkilisiyar Roma wajen shekara ta 144. Malaman baya, irin su Toma Akwinas a ƙarni na 13, suka kasa Shari'ar gida uku: dokokin ibada kamar hadaya, waɗanda suka ce sun cika a kan Almasihu; dokokin mulkin Isra'ila, waɗanda suka wuce da daularsu; da dokokin ɗabi'a, wato Dokoki Goma, waɗanda suke nan daram.

Suka ta farko da ake yi wa wannan koyarwa a bayyane take: in bangaskiya ce ke kuɓutar da mutum, me zai hana shi sheƙe ayarsa? Amsar tana cikin Sabon Alkawari, domin wasiƙar Yakubu ta kira bangaskiyar da ba ta da aiki matacciya, kuma da Ibrahim ɗin nan ta kafa hujja, ranar da ya miƙa ɗansa hadaya. Annabi Irmiya ya yi maganar sabon alkawari wanda za a rubuta dokarsa a zuciya, kuma haka Kirista suke fahimtar aikin Ruhu Mai Tsarki: dokar ta ƙaura daga allon dutse zuwa cikin mutum. Yadda za a daidaita Bulus da Yakubu ne ya tsaga ikkilisiyar Turai. Martin Luther, wanda ya tayar da ƙura a 1517, ya tsaya a kan bangaskiya kaɗai; Majalisar Tirent ta Katolika ta mayar da martani a 1547 cewa alherin Allah yana sake mutum ne daga ciki, mutum kuma yana ba da haɗin kai. Sai a 1999, a birnin Augsburg na Jamus, Katolika da Lutheran suka sa hannu a takarda ɗaya cewa ceto kyauta ce, ayyuka nagari kuma 'ya'yanta ne.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Yesu an yi masa kaciya, yana zuwa majami'a ran Asabar, ya kuma ce bai zo rushe Attaura ba sai don ya cika ta. Saboda haka malaman Yahudawa da na Musulunci da dama suna ganin Bulus ne ya kawo sassaucin. Kirista suna amsawa da cewa shawarar Urushalima ba ta Bulus kaɗai ba ce, Bitrus da Yakubu ne suka yi jawabin da ya rufe taron. Amma adalci ya sa a faɗi cewa masu wa'azi sun daɗe suna yi wa Yahudanci ƙazafin addinin sayen lada. Masanin nan E. P. Sanders ya nuna a 1977 cewa Yahudawan zamanin Bulus su ma sun ɗauki zaɓen Allah a matsayin alheri, kiyaye doka kuma hanyar zama cikin alkawarin. Kuma har yau Kirista ba su zama baki ɗaya ba: Ikkilisiyar Otodoks ta Habasha ba ta cin naman alade, tana girmama Asabar tare da Lahadi.

A ƙasar Hausa aka sake gwada koyarwar, kuma masu kawo ta ne suka fara tuntuɓe. A 1900 tawagar Bishop Tugwell ta iso Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Ɗaya daga cikinsu, Dokta Walter Miller, ya zauna a Zariya, kuma da aikinsa aka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Mishan ɗin SIM, wanda ya haifi ikkilisiyar ECWA a 1954, ya yi aiki sosai a cikin Maguzawa. Kaciya ba ta zama matsala ba, tun da wanzami yana yi wa kowa. Matsalar ita ce burkutu da auren mace fiye da ɗaya. Bamaguje mai mata uku ya ji wa'azin cewa ceto kyauta ne, ya ba da gaskiya, sai a bakin ruwan baftisma a ce masa ya saki biyu tukuna. Ina matan za su nufa, wa zai riƙe 'ya'yansu? Ana iya kare dokar da cewa auren mace ɗaya batun ɗabi'a ne, ba na ibada ba. Amma sanya ta sharaɗin shiga, maimakon abin da ake koya wa wanda ya riga ya shiga, juya jerin Bulus ne kai a ƙasa, kuma Ibrahim da ake kafa hujja da shi ma ba mace ɗaya gare shi ba. Taron bishop-bishop na Angalikan a Lambeth ya hana yi wa irin wannan mutum baftisma a 1888. Shekara 100 cif bayan haka, a 1988, bisa matsin bishop-bishop na Afirka, taron ya sauya matsayi: a yi masa baftisma da matansa da 'ya'yansa masu bi, kada a tilasta masa sakin kowacce, da sharaɗin ba zai ƙara aure ba muddin ɗayarsu tana da rai, kuma jama'ar ikkilisiyar wurin sun amince.