Sanƙarau a ƙasar Arewa: bayan likita mai magani, ana bukatar likita mai bincike

Kowace shekara, da zarar hunturu ya ja baya, ƙura ta turnuƙe, zafin bazara ya fara kunno kai, hankalin iyaye a ƙasar Arewa ba ya kwanciya. Daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Gesheme da Kore Mai Ruwa, kowa ya san abin da ake nufi idan yaro ya kwana da zazzaɓi da ciwon kai, ya wayi gari wuyansa ya sandare. Sanƙarau tsohon baƙo ne a wannan yanki, kuma galibi ba ya tafiya sai ruwan farko ya sauka. Tun a 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zana iyakar ƙasashen da cutar take addaba a kudancin Sahara, Nijar kuwa tana tsakiyarsu.

A watan Disamba na 2010 aka ƙaddamar da allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, aka yi wa jama'a daga ɗan shekara 1 zuwa ɗan shekara 29. Ƙwayar sanƙarau nau'in A, wadda ta haddasa babbar annobar 1996 da ta kama mutum fiye da dubu 250 a Afirka, ta kusan ɓacewa. Jama'a suka yi ajiyar zuciya. Amma a 2013 wani sabon jinsi na nau'in C ya ɓulla a arewa maso yammacin Najeriya, wajejen Sakkwato da Kabi, ƙasar da kasuwa da aure da zumunta suka ɗaure ta da Arewa. A 2015 ya tsallako iyaka. Gundumar Dogon Dutsi tana cikin wuraren da ya taɓa a jahar Doso, birnin Yamai ma bai tsira ba. A wannan shekara an ƙidaya fiye da mutum dubu 8 da suka kamu a Nijar, fiye da 500 suka riga mu gidan gaskiya. Allurar da ke jikin mutane ba ta kariya daga nau'in C, wadda ake bukata kuwa ta yi ƙaranci a duniya baki ɗaya.

Likitoci da malaman asibiti sun yi iya ƙoƙarinsu a gefen gadon marasa lafiya. Sai dai gano cewa ƙwayar ta sake kama aiki ne na wasu mutane dabam. Ruwan da ake ɗiba daga ƙashin bayan majinyaci a asibitin Dogon Dutsi yakan yi tafiyar fiye da kilomita 270 kafin ya isa CERMES, cibiyar binciken lafiya da ke Yamai, inda ake tantance sunan ƙwayar da nau'inta. Masu binciken wannan cibiya, cikinsu har da Fati Sidiku, su ne suka wallafa bayanin annobar 2015 a mujallar The Lancet Infectious Diseases a shekarar da ta biyo. Ita CERMES an kafa ta a 1978 musamman domin sanƙarau da tsargiya, kuma a 2006 ita ce ta nuna cewa wani nau'in da ba a saba da shi ba, wato X, yana yaɗuwa a Nijar.

A nan ne ya kamata a rarrabe abu biyu da jama'a suke gamawa wuri ɗaya. A gari, duk wanda ya fito daga tsangayar kiwon lafiya ta Jami'ar Abdu Mumuni ana ce masa dokta, kuma haƙƙinsa ne: ya shafe shekara bakwai zuwa takwas bayan bakaloriya, ya kare kundinsa gaban malamai, ya yi rantsuwa. Wannan takarda ita ke ba shi izinin duba majinyaci da rubuta magani. Doktora ta bincike kuwa wata hanya ce. Ana shigarta bayan mastar, ana ɗaukar aƙalla shekara uku a ƙarƙashin malami mai jagora, ana bin tambaya guda wadda ba a riga an amsa ta ba. Ɗalibi zai tara bayanai, ya auna, ya ƙidaya, ya miƙa sakamakonsa ga masana waɗanda ba su san shi ba domin su tsefe shi kafin a buga. Ba likita kaɗai ke bin ta ba: mai ilimin harhaɗa magani, da masanin ƙwayoyin cuta, da masanin lissafi, duk suna da gurbi a ciki. Likitan asibiti yana ceton wanda aka kawo masa yau, mai bincike kuwa yana neman dalilin da ya sa aka kawo mutum goma daga ƙauye ɗaya cikin mako guda.

Irin wannan tambaya tana da amfani a aikace. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙayyade cewa annoba ta tabbata idan an samu mutum 10 cikin dubu 100 a mako ɗaya. Idan aka yi lissafin a kan gunduma sukutum mai ɗaruruwan dubban jama'a, wutar da ta tashi a ƙauyuka kaɗan sai ta ɓace cikin adadi, har lokacin rigakafi ya wuce. Halima Bubakar Mainasara, likita mai bincike a CERMES, tare da abokan aikinta, sun wallafa nazari a 2015 a kan wannan matsala, inda suka kwatanta sa ido a matakin gunduma da sa ido a matakin yankin kowane ƙaramin asibiti, wato CSI. A 2017 kuma, a gundumar Madarunfa ta jahar Maradi, an gwada raba ƙwayar magani ciprofloxacine ga ƙauye ɗungurungum da zarar an samu mai cutar, aka ga kamuwa ta ragu da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Wanda ya san ranakun kasuwannin Arewa, ya san lokacin da ƴan cin rani suke fita da lokacin da suke komowa, ya kuma san dalilin da ke sa uwa ta fara biyawa wurin boka kafin ta nufi asibiti, yana da rabin abin da irin wannan nazari yake bukata tun kafin ya buɗe littafi.

Jahar Doso ba baƙuwar bincike ba ce. A gundumomin Boboye da Loga aka gudanar da gwajin MORDOR, wanda sakamakonsa ya fito a 2018: raba azithromycine ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar sau biyu a shekara ya rage mace-macensu da kashi 18 cikin ɗari a Nijar. Ƴan ƙasa sun yi aiki a ciki, amma kuɗi da jagorancin gwajin daga Amurka suka fito. Ba laifi ba ne a yi aiki da baƙi, ilimi ba ya da ƙabila. Sai dai wanda ya kawo kuɗi sau da yawa shi ke zaɓen tambaya. Abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 ana tsakiyar annoba, shari'ar da ba a sasanta da gwamnatin Kano ba sai a 2009, ya isa darasi. Ƙasar da ba ta da masanan da za su karanta takardar gwaji su ce a yi ko kada a yi, ta bar ƴaƴanta a hannun sa'a.

Hanyar kuwa ba ta da sauƙi ga ɗan Ba'are. Yaron da ya ci bakaloriya a lisen Dogon Dutsi, ya ƙare likitanci a Yamai ko Maradi ko Damagaram, yakan kai kusan shekara talatin a duniya, dangi kuma sun zuba ido. Gero ya ƙare a rumbu, ƙannai suna lakwal, ga maganar aure. A ce masa ya ƙara shekara huɗu ko biyar a kan bursu ƙanƙane, alhali ƙungiyoyin agaji suna tayin albashi mai tsoka, magana ce mai nauyi. Ga mace nauyin ya ninka. Malaman da suka kai matsayin jagorantar kundi ba su da yawa, domin hawa matakan CAMES, hukumar da aka kafa a Yamai a 1968 mai tantance malaman jami'o'in ƙasashe masu amfani da Faransanci, yana cin shekaru. Kayan ɗakin gwaji daga waje ake sayo su. Shi ya sa da yawa suke raba karatunsu tsakanin gida da Dakar, ko Wagadugu, ko Faransa, wasu kuma idan sun tafi sai dai a riƙa ganin sunansu a mujallu.

Gyaran bai fi ƙarfin ƙasa ba. Likitan gundumar da ya nuna ƙwazo a ba shi hutun karatu da albashinsa, a kuma tanadar masa gurbin da zai tarar idan ya komo. Rajistocin da malaman CSI suke cikawa kowane mako a adana su da kyau, domin su ne gonar mai bincike. Ƴan kasuwa da ma'aikatan Arewa, waɗanda ba sa ƙyashin tara kuɗi domin gina masallaci ko aji, suna iya ɗaukar nauyin ɗalibi guda har ya kare kundinsa.

A 2023 OMS ta amince da sabuwar allura mai kariya daga nau'i biyar, A da C da W da Y da X, kuma a 2024 aka fara amfani da ita a Najeriya da Nijar. Labari ne mai daɗi, amma haka aka yi murna a 2010. Wata bazara za ta zo, wata kwalbar ruwan ƙashin baya za ta bar Dogon Dutsi ta nufi Yamai. Fatan Arawa shi ne mai buɗe ta ya kasance ya san sunan ƙauyen da aka rubuta a jikinta, ya kuma san hanyar zuwa can.