Launi mai lamba: yadda ake jera launukan Pantone da dalilin da ya sa yanzu sai da kuɗi

Mai zanen da ya buɗe jerin launukan Pantone a kwamfuta zai tarar lambobin ba sa bin juna. Ba kuskuren manhaja ba ne. Tun 1963, lokacin da Lawrence Herbert ya fito da tsarin a Amurka, kowane launi tawada ce da ake haɗawa bisa awo, a ba ta lamba, domin maɗaba'a ko'ina ta fitar da shi iri ɗaya. Da launuka suka ƙaru, sababbi suka samu lambobi masu nisa: 186 ja ne, 7621 ma ja ne. Shi ya sa a 2010 kamfanin ya koma jera su bisa dangin launi. Harafin C na nufin takarda mai sheƙi, U kuwa marar sheƙi.

Sai dai jerin mallakar kamfani ne. A Nuwamban 2022 aka cire mafi yawansa daga manhajojin Adobe, aka sa masa dala 15 a wata, tsofaffin zane-zanen wasu da ba su biya ba suka koma baƙi ƙirin. Cikin launukan da abin ya shafa har da 300, shuɗin da wani kwamitin majalisar Scotland ya zaɓa wa tutar yankin a 2003.