Ƙadandoniya a Cikin Ambar: Abin da Ƙaron Itace Ya Adana na Tarihinta

Duk wanda ya yi damina a Gusau ko Tsafe ya san ƙadandoniya, wadda takan fito bayan ruwan farko, in an taɓa ta kuma ta nannaɗe. Ta bambanta da shanshani, domin yawancin gaɓoɓin jikinta ƙafafu huɗu-huɗu gare su, shi kuwa bibbiyu. Maƙasudin wannan maƙala shi ne mu duba abin da ambar ya bayyana game da asalinta.

Ambar ƙaron itace ne da ya ƙandare a ƙarƙashin ƙasa shekaru miliyoyi. Sai dai kalmar "ƙaro" tana iya ruɗa ɗalibi. Ƙaron ɗakwara yana narkewa a ruwa, saboda haka ba ya zama ambar. Irin ƙaron maje da na hano, wanda ruwa ba ya narkar da shi, shi ne kan kama ƙwaro ya lulluɓe shi, ya adana surarsa har da gashin jikinsa.

Ma'adana mafi albarka ita ce kwarin Hukawng a arewacin Bama, wato Myanmar, inda ambar ya kai kimanin shekara miliyan 99. A 2018 Wesener da Moritz suka fitar da jerin ƙadandoniyoyin da aka samu a cikinsa, suka tarar da 13 daga cikin manyan rukunai 16 da ke raye yanzu. A 2019 kuma su da Stoev suka siffanta Burmanopetalum inexpectatum, mai tsawon milimita 8.2 kacal, ta hanyar hoton na'urar da ke leƙa cikin ambar ba tare da an fasa shi ba. Ma'anar wannan ita ce, tun zamanin dinoso yawancin rukunan sun riga sun rarrabu.

To amma a ganinmu kuskure ne a nemi mafarin ƙadandoniya a cikin ambar. Ƙaro ƙananan halittu yake kamawa, musamman masu bin jikin itace, kuma ita ta girmi wannan ambar nesa ba kusa ba. Kampecaris obanensis, ɗan uwanta da aka tono a tsibirin Kerrera na Sikotilan, ya kai kusan shekara miliyan 425, kuma a dutse aka same shi. Haka ma Arthropleura ta Northumberland a Ingila, mai shekara miliyan 326, wadda aka ƙiyasta tsawonta ya haura mita biyu da rabi. Ina ƙaron da zai riƙe wannan?

Ga malaman wannan yanki akwai abin lura. Duwatsun Kwatarkwashi a Bungudu da na Tsafe daga narkakken dutse suka samu, tun kafin wata dabba ta taka tudu, don haka tura ɗalibai neman burbushin halitta a can ɓata lokaci ne. Sai an nufi yamma, kwarin Sakkwato, inda aka tono Goronyosaurus, dabbar teku mai ɗauke da sunan Goronyo. Ambar kuwa a Nijeriya a kudu aka san shi, a shimfiɗar Ameki kusa da Umuahia.

Kuma in ɗalibi ya kawo wani dunƙule daga kasuwa da sunan ambar, a ɗiga masa sifirit: in ya yi danƙo, ƙaro ne na kwanan baya.