Gwanjon Landan da dillalan Zangon Kwatano: takarda ce ke sa wa kaya farashi

In ka ce gwanjo a Kwatano, hankalin mutane kasuwar Misebo zai tafi, inda ake kwance dilar tufafi. A Landan kuwa gwanjo harka ce ta manya, kuma kamfanin Christie's na buga ƙararrawa tun 1766. Wanda ya kafa shi, James Christie, maƙwabcin mai zane Thomas Gainsborough ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗaga darajar zanen filaye da gonakin Ingila a ƙarni na 18.

Akwai wani zanen Gainsborough na wajajen 1750: Robert Andrews da matarsa a gindin bishiya, gonarsu shimfiɗe a gefe. Zanen ya yi fiye da shekara 200 a hannun zuriyarsu, sai a 1960 aka kai shi gwanjon Sotheby's, ya tashi fam 130,000. Yau yana babban gidan adana zane-zane na Landan. Kyau dai yana da shi, amma abin da ya kwantar wa masu saye hankali shi ne an san hannun da ya fito, ba giɓi ko ɗaya. Ɗalibin hadisi zai gane zancen nan da nan: isnadi ne. Wane ya karɓa daga wane, yaushe, ina shaida.

To, a nan ne gizo ke saƙa ga 'yan'uwanmu na Zango. Hausawa sun daɗe suna dillancin sassaƙe-sassaƙe da kayan tagulla daga Abijan zuwa Lome da Kwatano. Dillali zai iya gaya maka ƙauyen da abu ya fito, har ya rantse, amma Bature ba rantsuwa yake saye ba. Tun bayan yarjejeniyar UNESCO ta 1970, manyan gidajen gwanjo kan nemi shaidar cewa kaya ya bar ƙasarsa kafin wannan shekarar ko da izini. Abin takaici, kayan da wani hafsan mulkin mallaka ya kwasa ya rubuta a littafinsa yana da takarda, na dillalin da ya biya kuɗinsa hannu da hannu ba shi da ita.

Ba kuma za a wanke kowa tas ba. Mutum-mutumin yumɓu na Nok da na Sakkwato da Katsina, waɗanda aka riƙa haƙowa a ɓoye a shekarun 1990, da yawansu ta Kwatano da Lome suka bi zuwa Turai. Shi ya sa ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su a jerin kayan da ta gargaɗi kowa kada ya saya, a shekarar 2000.

Sai dai takardar nan kaifi biyu gare ta. Da yake an san sojojin Janar Dodds ne suka kwashe dukiyar fadar Abome a 1892, ba a yi ta ja-in-ja kan asalinta ba. A Nuwamban 2021 Faransa ta maido kaya 26, ciki har da kujerun sarautar Gezo da Glele da ƙofofin fada. A Fabrairun 2022 aka baje su a fadar shugaban ƙasa da ke Kwatano, shiga kyauta, mutane suka yi ta layi wata uku.